Rudolf Diesel: Ɗan badukun da ya ƙirƙiro injin da ke niƙa mana hatsi

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Baleyara ranar Lahadi a lokacin hunturu ya san yadda ake fama da injin niƙa kafin ya tashi. Mai injin zai ɗaga wani ɗan ƙarfe da ke saman injin, ya kama hannun tayarwa ya yi ta juyawa har babban faifan ƙarfen da ke gefe ya ɗauki gudu, sannan ya saki ɗan ƙarfen. In injin na da lafiya, sai ya yi tari sau biyu ko uku, ya fesa hayaƙi, ya kama aiki. In ba shi da lafiya, sai mata su ajiye kwanonin gero da dawa su zauna jira.

A daidai lokacin da aka saki ɗan ƙarfen nan, bawul ne ya rufe. Iskar da ke cikin silinda ta rasa mafita, fistan ya matse ta har ta yi zafin da zai kunna mai, babu fulogi, babu tartsatsin wuta. Da wannan dabara manyan motocin da ke kwasar dabbobi daga Baleyara zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 100, suke aiki. Haka motocin kaya da ke wucewa Filinge da ƙauyukan Kurfai, da tarakta, da manyan janareto.

Man da waɗannan injina ke sha, wanda a Nijar aka fi kira gazuwal, a Najeriya kuma gas ko dizal, ya samo sunan dizal ne daga mutumin da ya ƙirƙiro injin, wato Rudolf Diesel. Shekara 55 ya yi a duniya. Ya tashi cikin talauci, ya yi kuɗi masu yawa, ya rasa su, daga ƙarshe ya ɓace a cikin teku.

Yaron da yaƙi ya kora daga Paris

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris na Faransa ranar 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne ’yan ci-rani daga yankin Bavaria. Mahaifinsa, Theodor, mutumin Augsburg ne da ya koyi ɗinkin littattafai, sannan ya koma dukanci a Paris, yana ɗinka jakunkuna da sauran kayan fata. Mahaifiyarsa, Elise, ’yar Nuremberg ce. Rudolf shi ne na biyu cikin ’ya’yansu uku.

Gidan ba mai wadata ba ne. Tun yana ƙarami yake taya mahaifinsa aiki a shago, yana tura kaya a baro zuwa gidajen masu saye. Duk da haka ya yi fice a makaranta, kuma yana yawan zuwa wani gidan ajiye injina da kayan fasaha da ke kusa da unguwarsu, yana kallo yana zanawa.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa, gwamnatin Faransa ta umarci Jamusawa mazauna Paris su fice. Iyalin Diesel suka tsallaka Landan, ba sana’a, ba jari. Da abin ya yi tsanani, sai iyayen suka tura Rudolf, yana da shekara 12, zuwa Augsburg wajen wasu ’yan uwansu, Christoph Barnickel da matarsa Barbara. Barnickel malamin lissafi ne a makarantar koyon sana’a ta garin, kuma can aka sa yaron.

Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa wasiƙa ya sanar da su cewa injiniya yake son zama. Su kuwa sun fi son ya gama ya nemi aiki ya tallafi gida. A 1873 ya gama makarantar yana na ɗaya a ajinsu, ya wuce makarantar masana’antu ta Augsburg, kuma a 1875 ya samu tallafin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta Munich.

Masu rubuta tarihinsa suna ba da labarin wani ɗan abu da ya gani a makarantar Augsburg. Bututu ne na gilashi mai fistan a ciki, kamar famfon keke, ana sa ɗan abin kama wuta a ƙarshensa. In aka danna fistan da ƙarfi lokaci guda, sai abin ya kama da wuta saboda zafin iskar da aka matse. Duk wanda ya taɓa bai wa tayar keke iska ya ji famfon ya ɗauki zafi a hannunsa ya ga wannan ƙa’ida da idonsa.

Darasin Farfesa Linde

A Munich, Diesel ya yi karatu a hannun Farfesa Carl von Linde, wanda ya shahara wajen ƙera injinan ƙanƙara. A wani darasi a 1878, Linde ya bayyana wa ɗalibansa cewa injin tururi, wanda a lokacin shi ke jan jirgin ƙasa da jirgin ruwa da masana’antu, kashi 6 zuwa 10 cikin 100 kawai na zafin kwal yake mayarwa aiki. Sauran duk asara ce, tana bin hayaƙi da ruwan zafi. Ya kuma koya musu nazarin da wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya wallafa a 1824, wanda ya nuna cewa gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi a cikin inji, gwargwadon aikin da za a iya tatsa daga mai.

Wannan darasi ya zauna wa Diesel a rai. Ya ɗauki aniyar ƙera injin da zai rage wannan ɓarna, kuma sai da ya shafe kusan shekara 20 kafin ya ga hakan.

Zazzaɓin taifot ya hana shi zana jarrabawar ƙarshe tare da ’yan ajinsu a 1879. Kafin a sake wata, ya je ya koyi aikin hannu a kamfanin Sulzer da ke Winterthur a Suwizalan. A Janairun 1880 ya gama da sakamako mafi daraja, ya koma Paris ya kama aiki a masana’antar ƙanƙara ta Linde, kuma cikin shekara guda ya zama shugabanta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi ’ya’ya uku, Rudolf da Hedwig da Eugen.

Aikin ƙanƙara aiki ne na matse iskar gas da sakinta, don haka shekara goma ya yi yana mu’amala da matsi da zafi kullum. A gefe guda kuma ya ɓata shekaru yana gwada injin da zai yi amfani da tururin sinadarin amoniya maimakon na ruwa, bai yi nasara ba. A 1890 kamfanin ya mayar da shi Berlin, kuma a can ya koma kan iska zalla.

Abin da ke ransa ya wuce lissafi. Injin tururi babba ne, mai tsada, sai attajiri ke iya kafa shi, kuma manyan masana’antu sun fara kashe kasuwar masu sana’ar hannu irin mahaifinsa. Burinsa shi ne inji mai tsimin mai wanda kafinta da maƙeri da mai ɗab’i za su iya ajiyewa a shagonsu.

Lissafin takarda ya gamu da ƙarfe

A Fabrairun 1892 ya shigar da buƙatar takardar mallakar fasaha, kuma ofishin da ke Berlin ya ba shi ita ranar 23 ga Fabrairu, 1893, mai lamba 67207. A shekarar ya wallafa ɗan littafi yana bayanin injin da ya ce zai maye gurbin injin tururi.

Bambancin injinsa da na fetur, wanda ya samo asali daga injin da Nikolaus Otto ya ƙera tun 1876, yana wuri guda. Injin fetur yana shaƙar iska da mai a gauraye, don haka ba a iya matse su sosai, in ba haka ba su kama wuta kafin lokaci. Injin Diesel iska kaɗai yake shaƙa. Ana iya matse ta yadda ake so, sai ta yi zafi sannan a fesa mata mai.

Matsalar ita ce lissafin da ya rubuta a littafin ba zai yi aiki ba. Ya ce a matse iska har matsinta ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 250, a kuma zuba mai kaɗan-kaɗan yadda zafi ba zai ƙaru ba. Masana suka yi masa ca. Sun ce babu ƙarfen da zai jure wannan matsi, kuma ko ya jure, ɗan ƙarfin da injin zai samar ba zai isa ya juya kansa ba. Gaskiya suka faɗa. Diesel ya gane haka, ya rage matsin zuwa 90, daga baya ya sauko zuwa wajen 30, ya ƙara yawan man. Kafin ƙarshen 1893 ya nemi takardar mallaka ta biyu a kan sabon tsarin. Sai dai bai fito fili ya amsa cewa tsarin farko kuskure ne ba, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Kamfanoni da dama sun ƙi sauraronsa. Heinrich von Buz, shugaban masana’antar injina ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, shi ne ya yarda ya ba shi wurin gwaji da ma’aikata. Kamfanin ƙarfe na Krupp da ke Essen ya zuba kuɗi. Diesel ya bar aikinsa na Linde ya rungumi wannan.

Injin farko silinda ɗaya ce a tsaye, tsawonsa kusan mita uku. Wahalar farko da suka sha ita ce wadda kowane bakanike ya sani a yau, wato iska tana zurarewa ta gefen fistan da bakin bawul, matsin ya ƙi kaiwa inda ake so. Ranar 10 ga Agusta, 1893, suka juya injin da bel daga wani injin, suka fesa masa fetur. Man ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa na’urar awon matsi da ke saman silindar, ɓaraguzanta suka wuce ta kusa da kan masu gwajin. Injin bai tashi ba, amma an tabbatar da cewa zafin matsi kaɗai yana kunna mai.

Aka sake masa fistan da bawul da hanyar fesa mai. Ranar 17 ga Fabrairu, 1894, injin ya juya da kansa na minti ɗaya. Sai da aka ƙara shekara uku ana ƙerawa ana warwarewa, ana gwada mai iri-iri, ana sa wa silinda rigar ruwa don sanyaya ta. Fesa mai a cikin iskar da aka matse haka ya fi komai wuya, domin babu famfon da zai iya a lokacin. Dole suka haɗa wa injin wani famfon iska daban wanda ke hura man ciki da ƙarfi.

Ranar 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter na Munich ya yi wa inji na uku gwajin hukuma. Injin na shan kananzir, ya ba da ƙarfin doki kusan 18, kuma ya mayar da kashi 26.2 cikin 100 na zafin man zuwa aiki. Wannan ya ninka abin da injin tururi na zamanin ke yi fiye da sau biyu. Injin yana nan har yau a gidan tarihin kimiyya na Deutsches Museum da ke Munich.

Kuɗi sun zo, lafiya ta tafi

Bayan an gabatar da sakamakon a taron injiniyoyin Jamus a garin Kassel a Yunin 1897, masu kuɗi suka yi layi. Adolphus Busch, mai kamfanin giya a St. Louis, ya biya mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus na lokacin, don izinin ƙera injin a Amurka da Kanada. Emanuel Nobel ya sayi na Rasha, kamfanin Burmeister da Wain na Copenhagen ya sayi na Denmak, wani kamfanin Glasgow ya sayi na Birtaniya. Kafin ya cika shekara 41, ɗan badukun ya zama miloniya.

Amma an yi gaggawar kai injin kasuwa. Wanda aka fara sayarwa, aka kafa a masana’antar ashana ta garin Kempten a 1898, sai da makanikai suka tare a wurin suna gyara. Wasu masu saye suka mayar da nasu. Abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji a hannun ƙwararru ya ƙi zama lafiya a hannun talakan ma’aikaci. Injiniyoyin Augsburg ne suka shafe shekaru suna gyara kurakuran har injin ya zama abin dogaro.

Ga kuma ƙararraki. Wani mai ƙera injina, Emil Capitaine, ya kai ƙara a soke takardar mallakarsa, kotu ba ta ba shi gaskiya ba. A Ingila ana cewa Herbert Akroyd Stuart ya riga shi, domin tun 1890 ya yi rajistar injin da ke fesa mai ba fulogi. Sai dai injin Stuart matsinsa kaɗan ne, sai an gasa masa wani ƙoƙon ƙarfe da wuta kafin ya tashi. Wasu kuma suka ce injin da ke aiki daban, wanda aka yi wa rajista a 1893 daban, don haka bai cancanci kuɗin da yake karɓa ba.

A ƙarshen 1898 jikinsa ya gaza. Ciwon kai mai tsanani da rashin barci suka sa aka kwantar da shi a wani asibitin hutu a Munich. A shekarar ya sayar da haƙƙoƙinsa ga wani sabon kamfani da aka kafa don kula da su. Ya gina katafaren gida a unguwar Bogenhausen ta Munich, ya zuba kuɗi a filaye da rijiyoyin mai na yankin Galicia da wasu kamfanoni, akasarinsu suka nutse da jarinsa. Gwanin lissafin zafi ne, amma ba ɗan kasuwa ba ne.

Bai manta da masu ƙaramin ƙarfi ba. A 1903 ya wallafa littafi mai suna Solidarismus, inda ya ba da shawarar ma’aikata su riƙa tara ɗan kuɗi a asusu guda, kamar adashe, har su mallaki masana’antun kansu. Littafin bai samu masu saye ba sai ’yan kaɗan.

Man gyaɗa a baje kolin Paris

A babban baje kolin duniya da aka yi a Paris a 1900, injin Diesel ya ci babbar kyauta. A wurin, kamfanin Otto na Faransa ya nuna wani ƙaramin inji yana aiki da man gyaɗa, ba tare da an sauya masa komai ba, kuma yawancin masu kallo ba su ma lura ba.

Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin. Lokacin tana tsakiyar kafa mulkinta a Afirka ta Yamma. Shekara ɗaya kafin nan sojojinta suka yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, suka kuma shiga Damagaram. Lissafinta shi ne, a ƙasashen da gyaɗa ke yi, za a iya samar da wuta da ƙarfin inji daga gona, ba sai an yi jigilar kwal ko man fetur daga Turai ba.

Diesel ya ɗauki batun da muhimmanci. A jawabansa na 1912 ya bayyana cewa ko da yake man tsirrai bai da wani tasiri a lokacin, wata rana zai iya yin daraja irin ta man da ake haƙowa, kuma zai taimaki noma a ƙasashen da ke amfani da shi.

Tarihi ya bi wata hanya. Gyaɗar Kano da Maraɗi da Damagaram, wadda aka tara dala-dala, Turai aka kai ta aka yi man girki da sabulu, mu kuma aka kawo mana gazuwal a cikin durom. Nijar ba ta fara tace nata man ba sai a Nuwamban 2011, lokacin da aka buɗe matatar SORAZ a jihar Damagaram. Injinan yau ma ba su karɓar ɗanyen man gyaɗa kai tsaye, domin kaurinsa na toshe nozul, sai an sarrafa shi.

Nasarar da ta tafi wajen manya

A shekarunsa na ƙarshe injin ya bazu, amma ba inda ya nufa ba. A 1903 kamfanin Nobel ya sa shi a jirgin dakon mai mai suna Vandal a kogunan Rasha. Sojojin ruwa na Faransa da Birtaniya da Jamus suka sa shi a jiragen yaƙi masu nutso, domin mansa ba ya saurin kama wuta kamar fetur. A 1912 jirgin Selandia na Denmak ya tashi daga Copenhagen zuwa Bangkok ba tare da kwal ba, abin da ya girgiza harkar sufurin teku. A shekarar ne Diesel ya je Amurka aka yi masa tarba ta girma, har ya gana da Thomas Edison.

Saboda famfon iskar da ke hura mai, injin ya kasance ƙato mai nauyi, sai jirgin ruwa da tashar lantarki da babbar masana’anta. Ƙaramin injin mai sana’a da ya yi mafarki bai samu ba. Wa’adin takardun mallakarsa ya ƙare, kuɗin izini suka daina shigowa, bashi ya taru, kuma bai faɗa wa iyalinsa ba. A 1913 ya wallafa littafi yana kare kansa kan yadda aka ƙirƙiro injin, yayin da wani tsohon farfesa, Johannes Lüders, ke shirya nasa littafin na ƙaryata shi.

Daren jirgin Dresden

Da yammacin 29 ga Satumba, 1913, Diesel ya shiga jirgin ruwan Dresden a tashar Antwerp ta Beljiyam, zai tsallaka zuwa Harwich a Ingila don halartar taron wani kamfanin injina a Landan. Yana tare da abokan harkarsa biyu, George Carels da Alfred Luckmann. Sun ci abincin dare tare. Wajen ƙarfe 10 ya nufi ɗakinsa, ya bar saƙon a tashe shi ƙarfe 6:15 na safe.

Da gari ya waye ba a gan shi ba. Gadonsa ba a kwanta a kai ba, rigar barcinsa na shimfiɗe, agogonsa na ajiye inda zai iya gani daga kwance. An tsinci hularsa da kwat ɗinsa a naɗe a bayan jirgin, kusa da ƙarfen kariya.

Bayan kwana goma, ma’aikatan wani ƙaramin jirgin Holan suka ga gawa a teku, ta lalace har ba a iya gane ta. Suka cire abin da ke aljihunta, walat da wuƙar aljihu da gidan tabarau da ɗan akwatin magani, suka mayar da ita ruwa. Ɗansa Eugen ya tabbatar kayan na mahaifinsa ne.

Kafin ya tafi ya bar wa matarsa wata jaka, da sharaɗin kada ta buɗe sai bayan mako guda. Da ta buɗe, ta samu tsabar kuɗi mak 20,000 da takardun banki da ke nuna asusunsu ya kusa ƙarewa. A littafinsa na ajiye ranaku kuma an ga ya yi alamar gicciye a ranar 29 ga Satumba.

Yawancin masu tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa. Wasu na ganin kashe shi aka yi, ko dai don kada ya taimaki sojojin ruwan Birtaniya ana dab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko don masu kasuwar mai da kwal na ganin barazana ce gare su. Babu wanda ya kawo hujjar da ta tabbatar da kisan.

Yadda injin ya ƙanƙance

Abin da ya gagare shi wasu suka ƙarasa. Prosper L’Orange na kamfanin Benz ya yi rajistar wata dabarar ƙona mai a 1909 wadda ta sa aka iya rabuwa da famfon iska. A 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da motocin kaya masu injin dizal. A 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa, kuma a 1936 Mercedes ta fito da ƙaramar mota ƙirar 260D. Daga nan aka samu ƙananan injina masu silinda ɗaya, irin waɗanda Ingila ta fara kawowa Afirka, yau kuma Indiya da Sin ke cika kasuwanninmu da su. Su ne suka sauke wa mata da yawa taɓarya a garuruwa irin Baleyara da Filinge.

Abin da geji ke faɗa wa bakanike

Tun da injin dizal ba shi da abin kunna wuta sai matsi, ransa na cikin matsin. Fistan yana tattara iskar silinda ya cusa ta a wurin da bai wuce kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta ba, zafinta ya haura digiri 500. In iska na zurarewa, zafin ba zai kai ba. Alamun su ne inji ya ƙi tashi da safe musamman a hunturu, ya yi farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, ya rasa ƙarfi a hawa, ya riƙa shan baƙin mai, ko hayaƙi ya riƙa fita ta bakin zuba baƙin mai.

Waɗannan alamu na iya zuwa daga nozul ko famfon mai ko raunin batir, shi ya sa bakanike mai hankali yake awo kafin ya kwance inji. Yana bari injin ya ɗumama, ya yanke hanyar mai, ya cire nozul ko fulogin ɗumama silinda, ya ɗaura geji a ramin. Sai a murza sitata da cikakken batir na ’yan daƙiƙoƙi har allurar ta tsaya, a rubuta, a wuce silinda ta gaba. Dole gejin ya zama na dizal, domin na fetur ba ya jure wannan matsi.

A yawancin ƙananan injina masu lafiya, allurar kan tsaya tsakanin bar 25 zuwa 35, alhali tayar ƙaramar mota bar biyu da ɗan kai take ɗauka. Kowane inji yana da adadin da kamfaninsa ya ƙayyade. Abin da aka fi dubawa shi ne kada wata silinda ta bambanta da ’yan uwanta da fiye da kusan kashi 10 cikin 100. In duka sun yi ƙasa tare, galibi ringi da jikin silinda ne suka cinye. In ɗaya ce tak, a duba bawul ɗinta ko ringinta. In biyu ne maƙwabtan juna, ana zargin gaskit ɗin kan inji ya ƙone a tsakaninsu. Dabarar zuba ɗan baƙin mai a silinda don gane laifin ringi, wadda ake yi wa injin fetur, tana da haɗari a nan, domin man na iya kamawa da wuta ko ya lanƙwasa sandar fistan.

A ƙasa irin Kurfai da Tagazar, babban abin da ke cinye ringi shi ne ƙura. Yashin da ya wuce matatar iska yana goge jikin silinda kamar sanfefa, kuma injin niƙa yana shaƙar garin hatsi a kan ƙurar hunturu. Tsabtace matatar iska da sauya baƙin mai a kan lokaci sun fi kwance inji araha nesa ba kusa ba.

Mai injin niƙa da ba shi da geji yana da nasa awon. In ya saki ɗan ƙarfen nan ya ji hannun tayarwa ya yi masa tauri yana neman turo shi baya, matsin na nan. In ya ji yana wucewa salin-alin da ƙarar iska na tsiyaya, lokacin kiran bakanike ya yi. Adadin da gejin bakaniken zai nema, wato wajen bar 30, shi ne kusan wanda Rudolf Diesel ya tsaya a kai a Augsburg bayan ya haƙura da 250 ɗin da ya rubuta a littafinsa.